Garin da Baffanku Ya Zana da Fensir

Ranar sunan jikata, ɗiyar Talatu, ina madafi ina tankaɗe, sai na ji wata baƙuwa ta tsaya gaban zanen nan da ke rataye a ɗakina, tana tambayar autarku Asabe ko wannan ne hoton da aka ce shi ya tashi garinmu. Ita kuma Asabe, maimakon ta ce a'a, sai ta yi dariya ta ce haka dai ake faɗa. Kun san ni da kunne. Ido ya fara gajiya, gwiwa ta daɗe da ajiye aiki, amma kunnen nan ko raɗa aka yi a bayan danga sai ya tsinto. Saboda taro na ci gaba da tankaɗena, amma garin da na tankaɗe ranar har da hawayena a ciki. Ashe maganar da na ɗauka ta mutu tun tuni tana nan da ranta, har ta shiga bakin 'ya'yana. Shi ya sa na zauna zan rubuta muku yadda abin ya faru, da ɗan bokon da na tsinta da girmana. Inda harafi ya karkace ku miƙar da shi, amma kada wanda ya gyara min magana.

Ku da kuka tashi a Bakin Titi ba ku san Dutsen Marke ba sai ramin da ya rage, wanda ruwa ke kwanciya a ciki da damina. A da gari ne sosai, a manne a jikin dutse kamar sheƙar zanzaro a bango. Gida bisa gida, rumbu bisa rumbu, in ka tsaya a ƙofar ɗakinka kana kallon tsakar gidan na ƙasa da kai, kana ganin abin da ake jefawa a miya. Ba a ɓoye wa maƙwabci komai, don babu inda za a ɓoye. Can aka kai ni aure, gidan Iya, kakarku wadda ta haifi Babanku. Babanku da ƙaninsa, Baffanku Ɗanjuma, sun musulunta tun suna samari. Gwaggonku Saratu ta bi mijinta coci. Iya kuwa ta ce ita ba za ta sake riga da tsufa ba, ta tsaya a kan abin da ta tarar iyayenta suna yi, tana kai 'yar furarta gindin marken da ke saman dutse. Da Sallah mu aika wa Saratu tuwo, da Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa, Iya ta ci duka biyun ta sa wa kowa albarka. Ni kuwa ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ta yankar min gefen gayaunarta na shuka kuɓewa da gyaɗa, ta koya min ɗaurin tsintsiya, tana kirana 'Yar Lele har matan unguwa suna min tsiya. Tun da haƙoranta suka zube ba ta cin tuwon kowa sai nawa, wai ni kaɗai na san yadda ake sassauta masa.

Baffanku a lokacin yana koyarwa a wata firamare ta wajen Bagwai, sai ƙarshen mako yake hawo kekensa ya zo gida. Mutum ne mai shiru, kullum da fensir a bayan kunne kamar kafinta. A shekarar da nake ba ku labari, da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Da hantsi zai ɗauki wani falankin katako da farar takarda mai kauri, ya gangara, ya tsallake rafi, ya hau ɗan tsaunin da ke fuskantar garinmu, ya zauna yana kallonmu. Mutane na gona, shi yana zaune. Ni kuwa kun san tsakanin mace da ƙanin miji ba a rasa wasa.

"Malam na fensir," in ce masa, "yau ma gonar takarda za a nome?"

"Matar Yaya, ke dai ajiye min ƙanzo. Gonata ba ta cin taki, ba ta kuma tsoron fara."

"To in ta nuna a aiko mana da zakka."

Ranar da ya gama, da la'asar ce, ya shimfiɗa takardar a kan sabuwar tabarma ya ce mu zo mu gani amma kada mai jiƙaƙƙen hannu ya taɓa. Ni ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Na san hoton mai hoto, wanda ake tsayawa a ƙame kamar an kama ɓarawo. Wannan daban ne. Ba launi ko ɗaya, baƙi ne da toka-toka da fari, amma wallahi sai da na ji kamar zan ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga dutsen nan ya taso da ƙusumbinsa, ga marke a samansa, ga gidaje suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙofar ɗaki take ya danna fensirin sosai ya yi baƙi ƙirin, har kana jin sanyin cikin ɗakin. Inda inuwar dutse ta faɗo kan gidan mai unguwa, ya murza da babban yatsa ta yi laushi. Gonakin da ke can baya kuwa da ƙyar ya taɓa su, kamar ya hura musu numfashi ne kawai. Muna ta ihu, wannan ya ce ga rumbuna, wancan ta ce ga dangarmu da ta karkace, ai kuwa bai rufa mana asiri ba.

Iya ce ta zo a ƙarshe. Idonta ya riga ya fara hazo, sai ta durƙusa ta kai fuskarta dab da takardar, ta bi ta daga sama har ƙasa. Ta daɗe. Sannan ta ɗago.

"Ina mutanen?"

"Iya, ban sa mutane ba. Na tambayi wani malami, ya ce in bar zana abu mai rai. Dutse da itace da gini ba laifi."

"Ko kaza babu?"

"Ai Iya gara da bai sa ba," na ce, don in kawar da maganar. "Rannan ya zana wa 'yan makaranta akuya, suka ce kujera ce."

Kowa ya yi dariya ban da ita.

"Gari ba mutum, ba akuya, ba kaza," ta ce. "Ɗanjuma, kufai ka zana mana. Abin da baki ke kira, hannu ma yana kiransa."

Ta miƙe ta shige ɗaki. Baffanku ya naɗe takardarsa jiki a sanyaye, ya miƙo min ya ce tunda ni kaɗai na yaba da gaske, in riƙe, ya ba ni. Na sa ta a ƙasan adakata, ƙarƙashin zannuwan aurena, muka manta da zancen.

Ba a gama ɗaure dawa ba sai ga wasu mutane da mota, da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa. Suka yini suna zagaya dutse suna shafa jan fenti a jikin duwatsu. Bayan 'yan kwanaki dagaci ya tara magidanta ya ce an ba masu fasa dutse wurin, za su riƙa kwasar tsakuwa don aikin titi, kowa zai sauka bakin hanya, an yanka filaye, za a haƙa burtsatse. Aka yi ta kai gwauro ana kai mari, dattawa suka je wurin hukuma har Bici suka dawo, magana ɗaya ce: hukuma ta riga ta sa hannu. To a nan ne fa aka tuna da zanen. Tsofaffin mata suka ce ai Iya ta faɗa, yaron nan ya zana kufai, ga kufai ya amsa kira. Maza kuma a dandali suka ce ba wani kira, zaman da yake yi a kan tsauni awo yake yi wa mutanen, shi ya zana musu dutsen ya kai musu. Wanda bai taɓa ganin takardar ba ma ya fi kowa sanin abin da ke cikinta.

Ga gaskiyar, ku riƙe ta. Baffanku ya faɗe ta da bakinsa a zauren gidanmu, ina bayan ƙofa ina ji. Tun farkon damina ya je sakatariya kan wani aikin makaranta, ya ji ma'aikata suna hira cewa akwai dutsen da za a bayar a yankinmu. Ba su ambaci suna ba, amma gabansa ya faɗi. Ya rasa yadda zai yi. In ya faɗa, abin bai tabbata ba, a ce ya tayar wa gari da hankali ana tsakiyar noma. In ya yi shiru, abin yana cinsa. Sai ya yi abin da hannunsa ya iya: ya je ya zauna ya kwashe garin a takarda, don in ta faru a sami abin da za a nuna wa na baya. Kun ga ke nan ba zanen ne ya kawo tashin ba, tashin ne ya kawo zanen. Amma da ya faɗi haka sai wuta ta ƙara ruruwa.

"Au, ka ma sani!" in ji Babanku. Ban taɓa jin muryarsa ta hau haka ba. "Ka ji, ka zo ka ci tuwo da mu, ka yi shiru, ka tafi kana wasa da fensir? Da ka faɗa, da mun tashi tsaye tun kafin a sa hannu!"

"Yaya, ban tabbatar ba."

"Ka tabbatar har ka zana!"

Wannan kam ban wanke Baffanku ba, kuma shi ma bai wanke kansa ba har ya koma ga Allah. Ko da ya faɗa da wuri, ban sani ba ko da an fasa, don masu sa hannu ba su saba tambayar na kan dutse ba. Amma shirun nasa ne. Sauran abin da aka ɗora masa kuwa ba nasa ba ne.

Ana saura kwana kaɗan mu sauka, gida duk a hargitse, an kwance jinkar ɗakuna, ana ɗurar hatsi a buhu, ina gaban murhu da rana tsaka ina talge, sai ga Iya ta dogaro sandarta ta tsaya a kaina. Babanku yana gefe yana ɗaure kaya, Saratu ma ta hawo taya mu.

"'Yar Lele, ɗauko takardar nan ki sa a wutar nan. Abin da aka ƙulla da hannu, wuta ce ke kwance shi. In ta ƙone, wataƙila su fasa."

Da gaske take. Ba mugunta ba ce, garinta take son ceta, da kabarin mijinta, da markenta. Na tashi na buɗe adaka na ɗauko, na warware don in yi mata kallon ƙarshe. Da ban warware ba da na ƙona, wannan na sani. Amma ina buɗewa idona ya faɗa kan 'yar hanyar da ke hawowa daga rafi zuwa ƙofarmu. Bai zana ta ba ma, farar takardar ya bari a tsakanin duwatsu, ita ce ta zama hanya. Ta nan aka hawo da ni ina amarya, ta nan nake hawowa da tulu kullum, na san duk dutsen da ke gurɗa ƙafa. Na juya na dubi jan fentin da ke jikin dutsen bayan ɗakina. Sai zuciyata ta ce min: waɗannan mutanen ba za su fasa ba ko an ƙona takarda ɗari, kuma in nakiyar fasa dutse ta fara tashi, wannan farar hanyar ita ce kaɗai za ta rage a duniya. Na dawo na durƙusa a gaban Iya, takardar a ƙirjina.

"Iya, ki gafarce ni. Ba zan iya ba."

Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ce mata a'a ba, ko a kan gishiri.

"Ke, takarda ce fa," in ji Babanku. "Iya ce ke magana."

"Na sani, Malam. Ku ce in yi komai, zan yi. Ban da wannan."

Zai iya fizgewa, amma bai yi ba. Kyauta aka ba ni, daga adakata ta fito, kuma a gidanmu namiji ba ya sa hannu a kayan adakar mace. Iya ta dube ni da idanun nan nata masu hazo, sannan ta sunkuya ta dafa dutsen murhu da tafin hannunta, da zafinsa da komai.

"Murhun nan shaida ne. Hannun da ya ƙi ni yau, ba zan ƙara cin abin da ya tuƙa ba. Shi kuma mai zanen, ku gaya masa kada ya taka ƙofata."

Saratu ta ce, "Wayyo Iya, da murhu?" Amma an riga an dafa.

Haka muka sauko. Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi tsawo a rayuwata. Bakin Titi a lokacin ba itace ko ɗaya, layi-layi kamar kunyar gyaɗa, kowane gida kamar ɗan'uwansa. Iya, wadda a kan dutse ko ido rufe za ta kai kanta ko'ina, a nan sai ta fita bayan gida ta kasa gane ƙofarmu, sai an kamo hannunta. Ɗakinta yana jikin nawa, danga ce kawai tsakani. Kullum in na tuƙa sai na fara malmala nata, mai laushi, in sa a akushinta in kai ƙofa in durƙusa. Kullum akushin zai dawo yadda na kai shi. Daga gidan Saratu ake kawo mata abinci, can ƙarshen layi, kafin ya iso ya huce ya yi tauri, tana ci tana tari, ina jin ta ta cikin danga. 'Yar Lele ta mutu a bakinta, na koma "ke". A burtsatse in na ajiye bokitina sai mata su ja nasu gefe, wata ta ce a yi hankali kada a zana mu. Babanku bai taɓa ɗaga min murya a kan zancen ba, amma ya daina hirar da yake min bayan cin abinci, kuma wannan ya fi duka ciwo. In nakiya ta tashi a dutse, ƙasa ta girgiza, kwanuka su yi ƙara, sai in ji Iya tana kiran sunayen gidaje ɗaya-ɗaya, tana cewa yau na wane ne ya tafi. Baffanku kuwa duk ƙarshen mako sai ya zo, ya jingine keke a waje, ya tsuguna a bayan dangarta.

"Iya, ina wuni. Ɗanjuma ne."

Shiru. Zai jima a tsugune, sannan ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya tafi. Fensirin bayan kunnen ma ya ɓace. Sau da yawa na tambayi kaina ko takarda ta kai wannan. Uwa da ɗa ba sa magana, tsohuwa tana cin sandararren tuwo, duk don na ƙi sakin abu ɗaya. Ba zan ce muku kullum amsar ɗaya nake samu ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne zanen kansa. In na gama aikin rana sai in ɗauko shi in zauna a inuwar ɗaki. A nan na gane ba a ganin zane a rana ɗaya, kamar yadda ba a sanin mutum a rana ɗaya. Sai da na yi watanni ina kallo sannan na lura da turmin gidan mai unguwa: a tsaye yake, taɓarya a ciki. Wace mace ce za ta bar taɓarya a turmi in ba yanzu za ta dawo ba? Ɗanta ne ya yi kuka ta leƙa ɗaki. Na ga tufaniyar ƙofar wani ɗaki an ture ta gefe. Na ga zani a kan danga, gefe ɗaya ya fi duhu, bai gama bushewa ba. Na ga gurbin tulu a gindin bango, tulun ba ya nan, wato mai shi tana rafi. Sannan rumbunmu: an jingina tsani, an cire masa hula an ajiye a ƙasa. Rumbu a buɗe da damina, ai akwai mutum a ciki yana miƙo dami. Ashe garin cike yake da mutane, kowa ya ɗan gusa ne kawai. Baffanku ya bi maganar malaminsa bai zana mai rai ba, amma duk inda rai ya taɓa sai da ya sa.

Wadda ta fara zuwa ita ce wadda ta fi kowa yi min habaici a burtsatse. Ta shigo wai aron rariya, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce a hankali, ko zan nuna mata ɗakinta. Na nuna mata. Ta sa bakin zani ta toshe bakinta. Bayan ita sai wata, sai wani tsoho da ya ce a fito masa da ita zaure, yana son ya ga ko an sa kukar da ya dasa. Ni kuma da surutu, ba na nunawa kawai, sai na bi da su lungu-lungu: ga turmi, ga tulu ba ya nan, ga rumbu a buɗe. Na manta cewa ba ni kaɗai ce mai kunne a gidan ba.

Da damina ta zagayo Iya ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, idon ya rufe gaba ɗaya. Wata safiya ina shara sai na ji muryarta ta cikin danga.

"Ke. Kawo takardar."

Gabana ya faɗi, don akwai kaskon wuta a ɗakinta. Amma na kai. Na durƙusa a bakin gadonta na warware.

"Na ji kina yawo da mutane a ciki. Ni ma kai ni."

Na kama yatsanta na ɗora a ƙasan takardar, wajen rafi, muka fara hawa. Ina faɗa tana amsawa. Nan ne dutsen wanki. Ta ce a nan ta haifi Saratu, ba ta kai gida ba. Nan ne gidan mai unguwa, ga taɓarya a turmi. Ta ce ai matarsa ce, ba ta taɓa gama aiki ɗaya ba ta kama wani. Muka wuce kuka, muka wuce rumbu, ta ce wa ke ciki, na ce ban sani ba, ta ce Babanku ne, shi ne ba ya mayar da hula. Har ta yi 'yar dariya. Sannan muka iso ɗakinta, na tsayar da yatsan a kan baƙar ƙofar.

"Akwai hayaƙi?"

Na duba. "Babu, Iya."

"Da wane lokaci ya zana?"

"Da hantsi."

"Da hantsi, ɗakina ba hayaƙi?" Ta yunƙura kamar za ta tashi. "Ni da wutata ba ta taɓa mutuwa ba? Duk unguwar nan wurin wa ake zuwa ɗibar wuta da kasko? Ashana ta ƙare wa kowa, wa ake nema? Maƙaryacin banza. A kira shi ya zo ya gyara."

Ban tsaya ɗaura mayafi daidai ba na fita neman wanda zai hau keke zuwa Bagwai. Kafin azahar sai ga Baffanku, gumi sharkaf. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya kasa shiga, sai da Babanku ya tura shi ta baya. Ya tuɓe takalmi ya rarrafa ya tsuguna. Ba shi da fensir ma, sai wurin tela aka aro wani guntu. Ya ɗora takardar a kan faifai, ya fara jan wani siririn zare daga kan jinkar ɗakin.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Iya."

"Ina ya nufa?"

"Sama."

"Ka ji shi kuma. Da damina hayaƙina ya taɓa miƙewa sama? Gidan su Saratu yake kwantawa, kullum tana mita wai na sa mata tari. Karkata shi."

Ya karkata shi, ya murza da yatsa har ya baje a kan rufin Saratu. Ita Saratun tana bakin ƙofa tana kuka tana dariya. Iya ta lalubo hannunsa, ta bi har kafaɗa, ta shafa fuskarsa da wuyansa.

"Ka rame," ta ce. "Ba a ba ka abinci ne a Bagwan?"

Shi ke nan. Ba ta ce na yafe ba, shi ma bai ce ki yafe ba. Ya kifa kansa a gefen gadon, ta bar hannunta a kai.

Ni kuwa na ce a raina yau tawa ma ta ƙare. Na ruga madafi na tuƙa tuwo, na yi miyar kuɓewa ɗanya, na kawo akushi na durƙusa. Ta ji ƙanshin, na ga maƙogwaronta ya motsa. Sannan ta ce:

"Ba wa Ɗanjuma, ya sha hanya."

Na fito na zauna a bayan ɗaki. Saratu ce ta biyo ni ta dafa ni, ta ce in yi haƙuri, a kan ɗanta magana ce kawai ta yi, magana kuwa ana janye ta, amma a kaina murhu ta dafa, kuma a wurin Iya wanda ya karya rantsuwar murhu, gidan ne gaba ɗaya zai biya. Ba ƙina take ba, tsoron abin da zai same ku take, ku da kuke ƙanana a lokacin. Na gane, amma ganewa ba ta hana ciwo. Iya ba ta ƙara cin tuwona ba har ta bar duniya. Wannan shi ne kuɗin zanen da kuke gani a bango, kuma ni na biya, ba wani ba.

Ta yi sauran kwanakinta Baffanku yana gefenta, yana ba ta labarin 'yan makarantarsa. A ƙarshe abinci ma ya daina wucewa, na kowa. Ranar da jikin ya yi tsanani, da rana, muna zagaye da ita, leɓenta ya bushe, Saratu ta kawo moɗa ta kai mata baki. Iya ta kawar da kai. Baffanku ya karɓa ya gwada, ta kawar. Ina can baya wajen ƙofa, inda na saba tsayawa a shekarar nan, sai na ji tana motsa baki. Ba wanda ya ji abin da ta ce sai ni.

"'Yar Lele. Ruwa ai ba tuƙa shi ake ba. Kawo."

Na karɓi moɗar, na tallafi kanta, ta sha.